Daga Ƙurɗuba Zuwa Salame: Wa Ya Ce Falsafa Baƙuwa Ce a Ƙasar Hausa?

 

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun samari, tun daga nan Badarawa zuwa Kwaru, har Unguwar Sarki da Malali, musamman a bakin waɗanda suka ɗauki karatun addininsu a wayar hannu. Da zarar an ambaci falsafa, sai ka ji wani ya ja tsaki ya ce, "Ai wannan ilimin Yahudawa ne." In aka gangaro kan sufanci mai zurfi, irin na su Ibn Arabi, sai wani ya ƙara da cewa shi ma daga can aka jajibo shi aka cusa wa Musulmi. Shi ke nan an kashe bakin zance, a koma musun ƙwallo.

To, yau zancen ba zai mutu a nan ba. Masana da suka ƙarar da shekarunsu suna tonon tsofaffin takardu sun nuna cewa a ƙarnonin da za mu yi magana a kansu, ruwan daga wajen Musulmi yake gangarawa. Malaman Yahudawa ne suka riƙa durƙusawa gaban littattafan Farabi da Ibn Sina da Gazali da manyan sufaye. Sannan wannan ilimi da ake kira baƙo, kakanninmu a Kano da Katsina da Sakkwato sun karanta shi, sun yi gardama a kansa, har sun rubuta nasu.

Na san ambaton Yahudawa a rediyo yanzu sai da taka-tsantsan, domin raunin Gaza bai warke a zukatan mutane ba. Amma malaman Yahudawan da nake nufi sun rayu sun mutu sama da shekara 700 kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Larabci suke yi a gida da kasuwa, a ƙarƙashin sarakunan Musulmi suka zauna, kuma da Larabcin suka rubuta da yawa daga littattafan addininsu.

Mu fara da aikin wata farfesa ta Jami'ar Boston a Amurka, Diana Lobel. A 2007 ta fitar da littafi a kan wani alƙalin Yahudawa na birnin Saraƙusɗa a Andalus, mai suna Bahya ibn Baƙuda. Wannan mutum ya rubuta wani littafi wajen 1080, ya sa masa suna Alhidaya ila Fara'idil Ƙulub, shiriya zuwa ga farillan zuciya. Abin da ya dame shi shi ne, mutanensa sun ƙware a hukuncin gaɓɓai, sun san abin da ya halatta a ci da abin da aka hana yi ranar Asabar, amma zuciya an bar ta kango. Sai ya tsara babi goma. Ku kasa kunne ku ji: tauhidi, lura da halittar Allah, ɗa'a, tawakkali, ikhlasi, tawali'u, tuba, yi wa kai hisabi, zuhudu, sannan son Allah. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin ɗariƙa a Tudun Wada ko a cikin birnin Zariya zai ce, haba, ai wannan karatunmu ne.

Kuma karatunmu ɗin ne. Lobel ta bi zantukan littafin ɗaya bayan ɗaya. Inda Bahya ya jingina wata hikima ga wani bawan Allah bai faɗi sunansa ba, sai ta je ta laluba littattafan sufaye, irin Risalar Ƙushairi da Hilyatul Auliya ta Abu Nu'aim da rubuce-rubucen Muhasibi, ta nuna inda maganar ta fito. Shi Bahya ya ɗauko hikimar, ya kafa mata hujja da Attaura, ya miƙa wa mutanensa. A 1161 aka juya littafin zuwa Ibrananci, kuma har gobe ana karanta shi a makarantun addinin Yahudawa, da yawa daga masu karatun ba su san cewa maganar waliyyan Bagadaza da Basra suke haddacewa ba. Tun kafin wannan, a 2000, Lobel ta yi irin wannan bincike a kan littafin Kuzari na Yahuda Halewi, wanda aka kammala wajen 1140, ta nuna yadda ya ari harshen sufaye na zauƙi da mushahada don ya kare addininsa.

Babban su duka shi ne Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides. An haife shi a Ƙurɗuba wajen 1138, garin da aka haifi Ibn Rushdi a 1126. Ya rasu a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, a 1204, bayan ya yi aikin likita ga manyan fadar Salahuddin Ayyubi. Wajen 1190 ya gama littafinsa Dalalatul Ha'irin, jagoran waɗanda suka ruɗe. Harshen littafin Larabci ne tsantsa, baƙaƙen ne kawai na Ibrananci, wato ajaminsu ke nan.

Me ya ruɗa mutanen da ya rubuta dominsu? In na faɗa muku za ku yi murmushi, don gardamar da ake tafkawa a masallatan Kaduna ce. Littafinsu ya ambaci hannu da fuska da zama a kan kujera game da Ubangiji. Shin a bar su a kan zahirinsu ne, ko a yi musu tawili? Musa bin Maimun ya ɗauki babi da yawa yana bin waɗannan kalmomi, yana kore wa Allah jiki da kama da halitta. Ya yi dogon bayani a kan Mu'utazilawa da Ash'arawa, ya jero ƙa'idoji 12 da malaman kalam suka gina hujjarsu a kai, ya kuma soke su inda yake ganin sun yi rauni. A wasiƙarsa ga mai fassara littafin, Samuwel ibn Tibbon, ya ce masa in yana son manɗiƙi ya riƙe littattafan Farabi. Malaman Musulmi kuma ba su yi kamar ba su gan shi ba. A ƙarni na 13 wani malami, Attabrizi, ya yi sharhi a kan muƙaddimomi 25 da ke farkon kashi na biyu na littafin. Shehul Islam Ibn Taimiyya, wanda samarinmu ke yawan kafa hujja da shi, ya san littafin, har ya kwatanta matsayin marubucinsa a cikin Yahudawa da na Gazali a cikin Musulmi. Ya ƙi ra'ayinsa, amma sai da ya karanta tukuna.

Ɗansa Ibrahim, wanda ya rayu daga 1186 zuwa 1237 kuma ya gaji shugabancin Yahudawan Masar, shi har ya zarce uban. A littafinsa Kifayatul Abidin ya yaba wa sufayen Musulmi, yana ganin sun riƙe halwa da tsayuwar dare da ƙanƙan da kai irin na annabawan Bani Isra'ila, alhali mutanensa sun saki. Ya so a riƙa wanke hannu da ƙafa kafin ibada, a tsaya sahu-sahu, a yawaita sujada. Sai wasu daga cikin jama'arsa suka yi masa ca, suka ce ya kawo bidi'a, har suka kai ƙararsa gaban hukumar Musulmi. Ashe rikicin bidi'a ba a kanmu aka fara ba.

Ta yaya aka san duk wannan dalla-dalla? Ta hanyar takardun da aka ƙi zubarwa. Yahudawan Fusɗaɗ ba sa jefar da takarda mai sunan Allah, kamar dai yadda tsofaffinmu ke tsintar guntuwar takarda mai rubutun Larabci su soke ta a tsagar bango. Su sai suka ware ɗaki guda a wurin ibadarsu na Ben Ezra, suka yi ta zuba takardu ta wata kafa har kusan shekara dubu. A ƙarshen 1896 wani malamin Jami'ar Kambirij, Solomon Schechter, ya isa wurin, ya kwashi gutsattsari kusan 193,000 zuwa Ingila. A ciki an sami rubutun hannun Musa bin Maimun da kansa, da gyare-gyarensa. An sami maganganun Hallaji da Gazali an kwafe su da baƙaƙen Ibrananci. An sami takardun aure, da na bashi, da wasiƙun fatake. Fiye da shekara 120 ke nan ana wannan aiki: a share gutsure, a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a nemo ɗan'uwansa da ya yage ya faɗa wani ɗakin karatu a wata ƙasa. S. D. Goitein shi kaɗai ya fitar da manyan mujalladai biyar daga cikinsu tsakanin 1967 da 1988. Yau mafi yawansu suna intanet. Ku riƙe wannan a zuci, don shi ne ma'aunin da zan auna mu da shi.

Kada kuma wani ya ɗauka zaman nan zuma ne da madara. Lokacin da Muwahhidawa suka ci Ƙurɗuba a 1148, sun matsa wa Yahudawa da Kirista, dangin Musa bin Maimun suka yi ta gudun hijira har Fas, daga bisani Masar. Shi ma a wasiƙarsa ga Yahudawan Yaman ya faɗi maganganu masu ɗaci a kan Musulmi. Kowa na ganin addininsa ne gaskiya, ba wanda ya sassauta. Duk da haka littafi yana tsallaka katanga. Akwai ma rubuce-rubucen Ibn Rushdi da asalin Larabcinsu ya ɓata, sai a fassarar Ibrananci aka same su, kamar sharhinsa a kan littafin siyasa na Aflaɗon.

Nan ne labarin ya karyo kwana ya nufo gida, kuma ta hannun mutumin da ba a zata ba. Shehu Muhammad bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, shi ne ya tayar da fitinar da ta kai ga rushe wurin ibadar Yahudawa a Tamanɗiɗ ta yankin Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, a wajajen 1492. Alƙalin Tuwat na lokacin, Al'asnuni, bai yarda da shi ba, malaman Magrib suka rabu biyu, kuma John Hunwick ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 2006. Wannan Magilin ne ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafin nan na wajiban sarakuna, zuriyarsa kuma suna nan a unguwar Sharifai.

Ga abin mamakin. Mutumin da ya fi kowa zafi a kan Yahudawa, shi ne kuma ya tsaya kai da fata yana kare manɗiƙi, ilimin auna hujja da aka gada daga Arisɗo Bagirke. Imam Suyuɗi na Masar, wanda rabin Jalalainin da ake ja mana a tafsirin azumi nasa ne, ya haramta shagala da manɗiƙi, ya rubuta littafi a kan haka. Magili ya aika masa da martani a waƙe, yana mai cewa gaskiya ake dubawa, ba wanda ya faɗe ta ba. Suyuɗi ya mayar masa da amsa shi ma a waƙe, kowa ya tsaya a kan bakansa cikin girmama juna. Ahmad Baba na Timbuktu ya adana wannan musayar. Su biyun kuma duk sun taɓa ƙasar Hausa: Magili da ƙafarsa, Suyuɗi da wasiƙarsa ga sarakunan Katsina da Agadas. Saboda haka gardamar ko manɗiƙi halas ne ko haram ta fi shekara 500 a gidanmu. Samarin majalisa sun zo ne a ƙarshen taro.

Kuma a aikace ɓangaren Magili ne ya yi rinjaye a zaurukanmu, ko da masu zauren ba su kira shi da sunan ba. Leƙa wani zaure a nan Badarawa bayan sallar Asuba. Malam na zaune a kan buzu ya jingina da bango, magidanta sun kewaye shi kafin su fita nema, akwai tela, akwai direba, akwai ma'aikacin gwamnati mai ritaya, kowa da littafinsa mai takarda ruwan ɗorawa. Mai Ahalari ya biya, mai Ishmawi ya biya, mai Iziyya, mai Risala. Sai a zo kan mai Ummul Barahin ta Shehu Sanusi. Yana jan baƙi, malam na fassara, idonsa a lumshe. Ya ce masa hukuncin hankali uku ne. Akwai wajibi, kamar kasancewar ɗaya rabin biyu. Akwai korarre, kamar a ce dutsen nan yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci guda. Akwai mai yiwuwa, kamar a yi ruwa gobe ko kada a yi. Daga nan malam ya ɗora: duniya tana sauyawa, duk mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa dole ne da wanda ya farar da shi. Almajiri ya ce, "Na'am, Allah gafarta Malam," ya rufe littafi ya tafi shago.

Jama'a, abin da aka yi a zauren nan ƙiyasin manɗiƙi ne, muƙaddima biyu da natija. Rabon samuwa zuwa wajibi da mai yiwuwa kuwa, bi sawunsa za ka tarar da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, kuma da irin wannan rabon Musa bin Maimun ya yi aiki. Sanusi, wanda ya rasu a Tilimsan a 1490, yana da littafi na musamman a kan manɗiƙi. Shi kuma Ahalarin da kowane yaro ke fara fiƙihu da shi, Abdurrahman Al'akhdari, shi ne mai Sullam, waƙar manɗiƙi mai baiti 140 da 'yan kai, wadda ya tsara wajen 1535 yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo saɓanin malamai: Ibnus Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halascinsa ga mai kaifin basira wanda ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Ka ga mun karɓi alwalarsa, mun ƙi manɗiƙinsa, alhali alƙalami ɗaya ne ya rubuta su.

Ilimin kalam ya yi ƙarfi a ƙasar nan har ya so ya wuce gona da iri. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai ɗalibai da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin hankali a kan siffofin Allah ba. Shehu ya yi ta rubutu yana ja musu birki, Hisnul Afham na cikin waɗannan littattafai. Ba a yi wa abin da babu shi waigi.

Sai mu zo kan mutumin da saboda shi na ɗauko wannan sharhi. Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa. An haife shi a 1804, shekarar hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu, ya rasu a 1864. Mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu ce, malama ce kuma. Mahaifinsa Malam Tafa na cikin manyan marubutan jama'ar Shehu, shi ya kafa makaranta a Salame, arewa da Sakkwato, ɗansa ya gaje shi a kai. Sufanci kuwa a hannun kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu ya sha shi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Sakkwato a 1853, ya haɗu da shi, ya kuma rubuta cewa shi ne mafi ilimi a cikin mutanen Sakkwato na wannan tsara.

Ɗaliban tarihi sun san shi da Raudatul Afkar, inda ya tsara labarin sarakunan ƙasar Hausa da yaƙe-yaƙen Gobir. Amma wannan ɓangare ɗaya ne na mutumin. Yana da Alfutuhatur Rabbaniyya, wanda ya rubuta tun bai kai shekara 30 ba, inda ya auna maganganun masu cewa babu komai sai abin da ake taɓawa, ya tattauna samuwar ruhi da yanayin falaki. Yana da Kulliyyatul Alamis Sitta, ɗan ƙaramin littafi a kan ginshiƙai shida da halitta ta ginu a kansu. Ya yi aiki a kan Al'insanul Kamil na Abdulkarim Aljili, wanda yake daga cikin mafi wuyar littattafan makarantar Ibn Arabi. A Shukrul Wahib ya lissafa ilimoman da Allah ya hore masa, ya sa har da na mutanen farko, irin lissafi da likitanci da ilimin taurari da hikima. Wannan fa jikan Mujaddadi ne, a ƙauyen Salame, shekaru da dama kafin Bature ya kafa makarantar boko ko guda a Arewa.

Su wa suka yi masa hidima? Marigayi Farfesa Ahmad Muhammad Kani ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1987, Allah ya jiƙansa. Hunwick ya jera littattafansa a babban kundin nan na 1995 na rubuce-rubucen Larabci a wannan yanki. Muhammad Shareef, wani Ba'amurke, ya fassara da dama zuwa Turanci. Oludamini Ogunnaike na Jami'ar Bajiniya ya rubuta bincike a kan falsafar sufancinsa, ya nuna inda ya bi Ibn Arabi da Jili da inda ya kawo nasa. Allah ya saka musu. Amma ku ƙirga su, yatsun hannu ɗaya sun kusa isa. Shiga shagunan littattafai na bakin Masallacin Sultan Bello ko na kasuwar Kurmi a Kano, ka tambayi Futuhat ɗin Ɗan Tafa bugagge, da tahƙiƙi da fassarar Hausa, ka ga irin kallon da mai shago zai yi maka. Ɗalibin falsafa a jami'o'inmu sau da yawa yakan fara da Girkawa, ya yi tsalle ya dira Faransa da Jamus, ya karɓi digiri bai taɓa jin sunan Salame ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Wanda bai taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ba, bari in kwatanta masa. Warƙoƙi ne sake, babu ɗinki, an haɗa su tsakanin tadarishi an ɗaure da tsirkiyar fata, an zura a gafaka. Takardar sau da yawa ta Italiya ce, in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Rubutun da baƙar tawada, kan babi da ja. Babu lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa magatakarda ya rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita, da ita ake gane jeri. In gara ta cinye wannan kusurwa, ko yaro ya yi wasa da gafakar ya watsar, littafi ya koma tarin takardu. In malam ya rasu aka zo rabon gado, akan kasa littattafai kamar yadda ake kasa tufafi, wani lokaci littafi ɗaya ya rabu gida biyu. Salame ita kanta ta ga wuta a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa yankin tana ƙone garuruwa. Abin da ya tsira daga wuta, yanzu ɗigar rufi da gara ne ke binsa.

Na san akwai mai sauraro da ke cewa, to Malam, ba Gazali ya kafirta masu falsafa ba? Ya yi, a mas'ala uku daga cikin 20 da ya tattauna a Tahafut: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki. Amma sai da ya zauna ya fayyace manufofinsu a wani littafi dabam, kuma da manɗiƙi ya buɗe Almustasfa, littafinsa na usulu. Mu kuwa a Kaduna, tun da Shehu Abubakar Gumi ya fitar da Al'aƙidatus Sahiha a 1972, aka kuma kafa Izala a Jos a 1978, muke ta kai ruwa rana tsakanin Izala da ɗariƙa. Manyan malaman ɓangarorin biyu sun yi karatu, wannan ba a musu. Matsalar tana ga mabiya. Mai zagin Ibn Arabi bai taɓa buɗe Futuhatul Makkiyya ba, mai kare shi ma haka, kowa da guntun bidiyon minti biyu yake yaƙi.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Shi Ɗan Tafa da kansa, a littafinsa Uhud wa Mawasiƙ, ya ɗauki alkawari cewa aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani zai gina ta, ba a kan hujjar masu kalam ba. Ya kuma yi alkawarin ba zai kira mutane zuwa ga abin da ya sani na falsafa ba, ko da yake shi ya tace ta ya zubar da tsakuwarta, don gudun kada wani ya ɓata. Ibn Rushdi ma ya hana a baza tawili ga gama-garin mutane. Musa bin Maimun ya ce da gangan ya warwatsa manufarsa a cikin babi-babi don wanda ya cancanta kaɗai ya tattaro ta. To in masu ilimin sun rufe ƙofa, ni wane ne da zan ce a buɗe?

Amsata ita ce, sun rufe ƙofa ne a zamanin da akwai katanga. Yau babu ita. Tambayoyin da Ɗan Tafa ya ji tsoron su isa kunnen talaka, shin akwai ruhi, shin duniya tana da mafari, shin hankali da wahayi suna karo, suna aljihun kowane ɗan sakandare a Badarawa. Yana ganinsu a Facebook da TikTok, daga bakin mutanen da ba su yarda da Allah ba, da Turanci mai daɗin ji. Ya zo wurin malaminsa, a ce masa ya yi shiru, wannan waswasi ne. Ya yi shirun a zaure, amma bai yi a zuci ba. Shubuhar ta iso, amsar da Ɗan Tafa ya rubuta mata kusan shekara 200 da suka wuce tana ɗaure a gafaka. Ban ce a raba littafin Jili a makarantar Islamiyya ta yara ba. Sharaɗin Ahalari yana nan: mai basira, wanda ya ƙoshi da Littafi da Sunna. Irin waɗannan ɗalibai muna da su, kuma su nake so a ba wa makami.

Kayan aikin ma ba nisa suke ba. Daga Badarawa zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, tafiyar keke-napep ce. Akwai ɗakin rubuce-rubucen Larabci da ajami a ciki. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a titin Yakubu Gowon. Akwai tarin da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Bayero a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su zauna su gwada kwafi da kwafi, da kuɗin da zai riƙe su har su gama.

Saboda haka kirana ga attajiranmu masu raba kujerun Umra duk azumi: kuɗin kujera biyu ko uku zai ɗauki nauyin ɗalibi ya yi tahƙiƙin littafi guda na Ɗan Tafa, a buga shi da fassarar Hausa. Ga sassan Larabci da nazarin Musulunci da falsafa na jami'o'inmu, a sa shi a manhaja, kusa da Gazali da Ibn Rushdi, a kuma bar ɗalibi ya leƙa Dalalatul Ha'irin, wanda aka buga da baƙaƙen Larabci a Ankara tun 1974, ya ga yadda maƙwabci ya amfana da kayan gidanmu. Ku kuma magada da ke da gafakar kaka a ƙarƙashin gado ko a saman rumbu, ba a ce ku sayar ba, ba a ce ku bayar ba. Ku bari masana su zo su ɗauki hoto warƙa bayan warƙa, kafin damina mai zuwa.